Lori Ɗaya, Alkawari Uku

Shekarar da aka gama yaƙin basasa, Na'Allah ya cika shekara goma sha ɗaya yana riƙe da sashen kaɗe a wani kamfanin sayen amfanin gona da ke Kontagora. Kaɗe dai ya sani, tun daga tsinto shi a gindin kaɗanya har ɗinke bakin buhu. Ranar wata Litinin, ƙarshen damina, takarda ta iso daga Kaduna: an naɗa shi manajan reshe gaba ɗaya, da gyaɗar da ƙirgin da kaɗen, har da lorin kamfani guda ɗaya tilo.

Ya sa aka karanta masa takardar sau uku, ko da yake shi ma yana karatu. Ya shiga ofis ya zauna a kujerar manaja, mai juyawa ce, ya juya hagu, ya juya dama, ya saki ƙafa ya zagayo sau biyu har hularsa ta faɗi. Mutum mai furfura a gemu! Amma daɗi ba ya tambayar shekaru.

To, a garin nan ranar barka ba a ce wa mutum a'a. Duk wanda ya zo taya ka murna ya roƙi abu, sai ka ce to, kada a ce ka hau kujera da rowa.

Mika'ilu mai sashen gyaɗa ne ya fara shigowa, ya durƙusa da wasa.

"Ranka ya daɗe, Manaja! Kujera ta ga mai ita. Jibi Laraba a ba ni lori in kai gyaɗa jirgi a Zungeru."

"An ba ka!" in ji Na'Allah, ya juya sau ɗaya.

Can sai ga Jumare, Bafillacen da ke kula da ƙirgi, da ƙwaryar nono a hannu. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce rufin rumfarsa yana yoyo, fatu sun fara wari, a taimaka masa da lori ranar Laraba ya kai su jirgi.

"Ɗauka, Jumare! Lorin me?"

Da la'asar matan da ke tsinto kaɗe daga wajen Zugurma suka cika harabar da guɗa. Salome ce a gaba, wadda ta yi masa mataimakiya shekara shida, yau ta gaji sashen. Suka yi masa waƙa da Kambarci, suka ja shi tsakiya ya taka, rawar da rabonsa da ita tun yana saurayi.

"Baba, yanzu kaɗe ya samu uba a sama," in ji Salome. "Shekara nawa muna roƙon lorin nan ana hana mu? Laraba namu ne ko?"

"Naku ne, 'yata! In ba ku ba wa?"

Washegari da hantsi Shadrach direba ya leƙo ofis yana goge hannu da tsumma.

"Oga, mutum uku sun ce in kwana a ƙofar rumfarsu. Motar ce za ta haihu, ko ni za a raba?"

Kujera ta tsaya cak. Magana zarar bunu ce. Jirgin kaya Laraba yake tsayawa a Zungeru, sai kuma wata Larabar, hanyar Tegina kuwa da laka ba ta yarda da sawu biyu a yini. Ko taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Kuma duk ma'aikata sun zuba ido: in ya ba kaɗe, an gane har yanzu shi mai kaɗe ne da aka ɗora a kujera, daga ranar babu wanda zai kawo masa magana da gaskiya. In ya hana, ya ci amanar matan da suka yi masa guɗa jiya.

Ya sa takalmi ya zaga rumfunan da ƙafa. Gyaɗar Mika'ilu ta bushe sarai, tana kan katako. Rumfar Jumare kuwa tun daga nesa hanci ya ba shi labari, ƙudaje sun yi taro kamar ranar kasuwa. Shekara goma sha ɗaya yana wuce rumfar nan yana toshe hanci, bai taɓa shiga ba sai yau. Kaɗe bai ma buƙaci dubawa ba. Shi ya koya wa matan nan shanya, ya san zai yi wata biyu bai ce uffan ba. Lori dai na ƙirgi ne, saura faɗa wa sauran biyun.

Ya fara da Mika'ilu don ya gwada bakinsa.

"Mika'ilu, lorin nan... wato... a'a."

"To, Manaja. Da ma na roƙa ne kada a riga ni."

Shi ke nan? Na'Allah ya dubi sama, ba ta faɗo ba. Ya ji wani sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa, ya nufi rumfar kaɗe yana maimaita kalmar a ransa kamar mai hadda.

Yana furta ta, nan fa aka yi ta. Salome ta riƙe ƙugu, mata suka kewaye shi.

"Jiya 'yata, yau a'a? Baba, kujerar ce ta juya maka kai?"

"Ta juya, ba zan ɓoye ba. Jiya daɗi ne ya yi magana, ban san lori nawa na raba ba."

"Ku ji fa! Kaɗen da ya goya shi! An bar mu saboda fatar mushe!" in ji Salome.

"Fatar yanka ce," in ji Jumare daga bayan danga.

"Kai rufa mana baki, mai wari!"

Wata tsohuwa ta ce a dawo musu da guɗarsu ta jiya. Na'Allah ya ce su karɓa, ya buɗe baki ya rangaɗa guɗa da muryar gardi, har awakin maƙwabta suka watse. Dariya ta kwashe matan, wata ta zauna a kan buhu tana share hawaye. Salome ta yi ta cije leɓe, daga baya ita ma ta fashe.

"Laraba mai zuwa fa?" ta ce.

Bakinsa ya buɗe zai ce naku ne. Ya kama shi da hannu.

"Sai na zaga na gani."

"Oho. Lallai mun yi manaja," in ji Salome, ta juya ga mata. "Ku ɗaga buhunan nan kan katako, uban namu ya zama na kowa."

Babba juji ne, kowa ya kwaso shara kansa zai zuba, kuma Na'Allah ya sha tasa ranar. Amma da ya koma ofis tafiya yake kamar ƙasa tana tura shi sama. Mai shayi ya tare shi ya ce a ba shi wuri a bakin ƙofa, ya ce a'a. Mika'ilu ya nemi aron kekensa, ya ce a'a, yana murmushi har kunne. Shadrach ya zo tambayar ko ya kai motar rumfar Jumare.

"A'a!"

"Oga?"

"Au! I, i, kai ta! Maza, kafin hadarin can ya haɗo!"