Ragowar Baƙi

Allah sarki Zayyad. Yana ɗan shekara tara ciwon shanyewar tsoka ya zaunar da shi, ƙafafu suka daina ɗaukarsa. Gidan da suke haya a unguwar Dengfeng, a ƙasar Sin, can sama yake, ba lifta, ga matakala matsattsiya. In za a fita, asibiti ne ko masallaci, sai dai ubansa Babayo ya goya shi.

Maganin da aka ɗora shi a kai kuwa mai buɗe ciki ne. Likita ta ja kunnen uwarsa Najiba: in ƙiba ta hau shi, numfashi zai yi wuya, ɗauka ma ta gagara. Najiba ta koma auna masa tuwo da ƙaramar mara, ganye da yawa, mai ɗan ɗis.

To amma abinci take sayarwa a falonta. 'Yan kasuwa Hausawa in sun taso daga kasuwar Canaan nan suke jibge ƙunshin kaya su ci tuwo. Halin mutanenmu kuwa sananne ne, babba ba ya suɗe kwano yaro yana kallo.

"Ɗan Sin, ga rabonka," in ji Alhaji Illa, dattijon Maraɗi, ya tura masa kwano har da tsokar nama.

"Alhaji, ai ya ci," in ji Najiba.

"Ya ci mi? Na ga abin da kika zuba mishi, ko kyanwa ta raina. Yaro ba lafiya kuma a haɗa mishi da yunwa?"

Ta dubi mijinta. Babayo ya sunkuyar da kai. Wa zai mayar wa dattijo da hannunsa?

Da baƙi suka watse ta ce, "Baban Zayyad, ka yi musu magana mana."

"In ce me? Su daina son ɗana?"

"Bayanka ne fa zai ji."

"Bayana lafiyarsa lau."

Haka aka yi ta tafiya. Wannan ya bar ragowa, wancan ya zo da kilishi da dakuwa daga Kano. Ita ta zama marowaciya a bakin mutane, har a bakin ɗan nata.

Wata Juma'a aka saka wa Zayyad farar rigarsa, da ƙyar ta shiga. Babayo ya durƙusa, Najiba ta ɗora masa yaron. Uban ya yunƙura. Ya sake yunƙurawa, ya dafa bango ya miƙe, ya kai bakin matakala. Nan ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ga ba zai iya sauka da shi ba. Sai ya juyo a hankali ya mayar da shi kan kujera.

"Baba, tafi kawai, kada ka rasa salla."

Da rana Najiba ta kawo masa ɗan awonsa. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ture shi da bayan hannu, iya ƙarfin da ya rage masa.

"Umma, rage."

"Zayyad, wannan ai ba abin ragewa."

"Ki rage dai. Ni na ƙoshi."