Alhaji Rabo a Hanyar Maƙabarta

Zuwaira na tankaɗe maƙwabciyarta Hadiza ta shigo ko sallama babu.

"Yaya Zuwaira, ki yi haƙuri da bakina. Kwana huɗu ke nan ana ganin Alhaji bayan asuba yana zagaya maƙabarta shi ɗai."

Rariyar ta suɓuce mata. Wata biyu ke nan da aka yi wa mijinta, Alhaji Rabo, aikin ciwon daji na hanji a asibitin Galmi. Mutumin da ke da motoci bakwai tsakanin Konni da Illela, wanda ko masallacin Juma'a sai a motarsa Fijo, shi ne a ƙasa cikin kaburbura? Tsoro ya kama ta ƙwarai. Ta ce a ranta, shi ke nan, ya fid da rai, makwanci yake zaɓa.

Washegari ta ja mayafi ta bi sawunsa. Ga shi can kuwa, ya rame kamar kara, yana takawa da sanda, ya huta, ya ci gaba. Ta tsaya nesa da kaburburan.

"Alhaji, mi muka yi maka za ka bar mu tun da ranka?"

Ya juyo yana haki. "Ke kuma wa ya aiko ki? Likita ya ce in riƙa tafiya kullum, ita za ta maido mini ƙarfi da cin abinci. Kwanciyar nan da kuke lallaɓa ni da ita, ita ke cinye ni."

"To duk hanyoyin Konni sai wannan?"

"Na gwada su! Na bi ta Illela, taku ashirin direbana Alkasum ya ci burki yana rantsuwa sai na shiga. Na bi ta Malbaza, mai amalanke har da kukansa. Kowa girmamawa, kowa sai ya kwaso ni ya maido gida. Nan kaɗai ne ba mai cewa in hau."

Sai a lokacin ta tuna jiya ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, ita ko tsoro ya hana ta lura. Sai hawaye suka zubo mata.

"Daina kuka," in ji shi. "Nan dai kowa zai zo. Ni in na zo da ƙafata, ina komawa gida."