Kunu a Durowa

Wattie Flett ya jawo durowa ta biyu a kabad ɗin kicin, ya ɗora wuƙa kan kunun hatsin nan ot da ya daskare a ciki, sai ya ji tsayuwar motar 'yarsa Morven a ƙofar gida. Ko bakwai ba ta yi ba. Daga Aberdeen inda take zaune zuwa nan garin Buckie tafiyar awa ɗaya da rabi ce, ke nan sammako ta yi, kuma ya san ba gaisuwa ce ta taso ta ba. Ya yanki rabonsa na yau, faɗin tafin hannu, ya tura durowar ya rufe.

Ta shigo rungume da jaka biyu na kanti, ta jibge su a tebur.

"Baba, ka tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Cewa aka yi miki yunwa ta shigo garin namu?"

Ta shiga fito da kaya: yogot, ayaba, yankakken burodi, da wasu 'yan dunƙule-dunƙulen hatsi da zuma a cikin takarda mai ƙyalli.

"Duk waɗannan minti ɗaya ne," in ji ta. "Ka ɓare ayaba, ka buɗe yogot, ka gama. Ko ka gasa burodi ka shafa bota. Babu wanke tukunya, babu komai."

"Ke me kika ci yau?"

"Kofi."

"Da me?"

"Baba, ni ba na karyawa, ka sani. Yanzu ma cewa ake ba dole ba ne."

"Masu faɗin haka ba su taɓa ɗaga katako a bakin teku cikin watan Janairu ba. Dube ki, iska mai ƙarfi ta taso sai dai a tsinto ki a Norway."

Da wata rana ce da ta yi dariya. Yau sai ta ja kujera ta zauna, ta kafe durowar nan da ido.

Mako uku ke nan da ta buɗe ta tana neman cokali, ta tarar da kunu shimfiɗe a ciki. Ba ta tambaye shi dalili ba. Mota ta shiga ta sha kukanta, ta tuna faɗuwar da ya yi a matakala cikin Disamba, da tukunyar da ya taɓa mantawa a wuta, sannan ta buga wa ofishin kula da tsofaffi waya ta ce mahaifinta ya fara ruɗewa, yana zuba abinci a durowa. Yau ƙarfe goma za su turo jami'a ta duba ko mai shekara saba'in da takwas zai iya ci gaba da zama shi kaɗai. In ta rubuta a'a, to, ɗaki ɗaya ne ke jiransa a gidan tsofaffi na Elgin, mai taga tana kallon wurin ajiye motoci.

Sai daga baya Morven ta ji labarin. Haka mahaifiyar Wattie take yi, haka uwarta ta yi, haka gidajen masunta da yawa na wancan zamanin: a dama kunun ot mai kauri ran Lahadi, a juye a durowa, ya huce ya daskare kamar kwantan tuwo, kowace safiya mai fita teku ya yanki nasa ya wuce. Matarsa Elspet ce ta soke al'adar a makon aurensu, ta ce ba a gidanta ba, shi ya sa Morven ba ta taɓa gani ba. Shekara arba'in da tara ya yi haƙuri. Da Elspet ta rasu bara, ya kwashe cokulan ya wanke durowar da tafasasshen ruwa, ya koma abin da ya tashi a kai. Morven ta yi ta neman a soke ziyarar, aka ce mata tunda an shigar da takarda sai an zo.

"Baba, don Allah," ta ce a hankali. "Ka juye shi a shara. Na yau kawai. Zan ce mata kuskuren gani na yi. Gobe in ka ga dama ka cika kabad ɗin gaba ɗaya."

"In ɓoye abincina a gidana kamar na sato?"

"Gidan ne nake so ya ci gaba da zama naka."

"To ai da kin tuna kafin ki ɗaga waya."

Maganar ta yi nauyi, ya kuma san ta yi. Amma Wattie mutum ne da ya fi yarda ya haɗiyi ƙusa a kan ya janye kalma. Ya soya yankan nasa a bota, ya cinye a tsaye, ya ɗauki hula ya gangara tashar jiragen ruwa. Kafintan jirgi ne shi, kuma har yanzu in katako ya ruɓe a jikin ƙaramin jirgin wani, shi ake nema kafin ruwa ya cika. Ya dawo goma saura kwata yana ƙanshin kwalta.

Jami'ar ta zo a kan lokaci. Sunanta Shona Devlin, 'yar Glasgow, ba za ta wuce talatin ba, da allon rubutu a hannu da murmushin da aka koya musu a wurin aiki. Ta tambaye shi ranar yau da shekarar da ake ciki, ya faɗa. Ta sa ya zana agogo, ya zana mata wanda ya fi na bangon ofishinsu kyau, har da ɗan hannun daƙiƙa. Ta ba shi kalmomi uku ya riƙe, suka yi wata hirar, sannan ta ce ya maimaita.

"Lemo," in ji shi. "Mabuɗi."

Ta uku ta ɓace. Ya lalubi ƙwaƙwalwarsa kamar mai laluben aljihu, babu. A nan ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da likita ya kira shi gefe kan maganar Elspet. Shona ta yi ɗan rubutu. Morven ta sunkuyar da kai.

"Ba komai, Mista Flett," in ji Shona. "Yanzu ina so ka haɗa mini karin kumallo kamar yadda ka saba. Ni kallo kawai zan yi."

Morven ta riga ta jera masa komai: burodi, bota, wuƙa, faranti, na'urar gasa burodi a jone. Yanka biyu kawai zai saka, ya danna, ya jira. Ko jaririn bara zai iya. Ta kalle shi, idonta yana roƙo.

Wattie ya kalli burodin. Ya wuce shi ya jawo durowa.

"Matso ki gani, 'yata," ya ce da Shona. "Ran Asabar nake jiƙa ot, ran Lahadi in dama. Gishiri kawai, sukari na yara ne. Durowar nan ina wanke ta da tafasasshen ruwa, ta bushe sarai kafin in juye. Kin ga layukan nan? Bakwai nake shatawa tun yana da ɗumi. Litinin, Talata, Laraba, ga na yau na ci. Saura uku. Bangon nan na arewa ne, taɓa ki ji, rana ba ta san da shi ba."

Ya yanki na Juma'a, ya kunna gas, ya jefa bota a kasko. Ya juya yankan sau ɗaya, bayansa ya yi ja, ya kashe wuta, ya sake duba makunnin, ya zuba madara mai sanyi a gefe.

"Minti uku," ya ce. "Kuma zai riƙe ki har azahar. Jirage goma sha ɗaya aka ƙera da ƙarfin kunun nan a garin nan da hannuna a ciki, babu wanda ya nutse."

Shona ta karɓi cokali don ladabi. Ta ci ɗaya, ta ci biyu, sai ta ajiye allon rubutun ta ja farantin gabanta.

"Tun jiya rabona da abinci," ta ce kamar mai ba da haƙuri.

"Ai na gani a fuskarki. Ku 'yan zamani kuna yawo kamar fitilar da ba mai."

Da ta gama ta goge baki, ta ɗauki allonta, murmushin aikin ya tafi, ta yi magana kamar mutum.

"Baba, gaskiya zan faɗa maka. Ni ban ga ruɗewa a nan ba. Kalma ɗaya kowa na iya mantawa. Amma dafaffen abinci kwana bakwai a waje, ba zan iya sa hannu a kansa ba. Gidan mahaifiyarka babu bututun ɗumama ɗaki, naka akwai. In na bar shi haka dole in rubuta, kuma waɗanda za su karanta ba su ɗanɗana ba. Layi ɗaya za su gani: yana ajiye abinci a durowa. In yana cikin firij kafin in tafi, abin da na gani shi zan rubuta."

"Akwai roba mai murfi a mota," Morven ta yi saurin cewa.

Wattie ya ce, "Roba gumi take sa shi, ya koma ruwa. Katako ne ke shanye damshin."

"To ka ƙera sabon akwati," in ji Morven.

"Sabon katako sai ya shekara biyar yana ɗanɗanon itace."

Shona ta duba agogo. Tana da wani gidan ƙarfe goma sha ɗaya da rabi.

Wattie ya buɗe firij, ya kwashe yogot ɗin Morven ya jera a tebur, ya zare kantoci biyu na ciki. Ya ciro durowar ɗungurungum ya tura ta ciki. Ta ƙi shiga. Ya juya ta ta ɗaya gefen, ta ƙi. Ya zaro ma'auni daga aljihu ya gwada, faɗin yatsa biyu ne ya yi yawa.

Ya tsaya riƙe da ita. Kabad ɗin nan da shi aka kai mahaifiyarsa ɗakin aure. Mahaifinta ne ya ƙera shi, ba ƙusa ko ɗaya, haƙori cikin haƙori, aikin da Wattie ya yi shekaru yana kallo kafin ya yarda shi ma kafinta ne. In aka rage durowar ba za ta ƙara zama a gurbinta ba har abada. Zuciyarsa ta yi masa ciwo, bai kuma ɓoye wa kansa ba.

Ya kife sauran kunun a kan faranti, ya fita rumfar bayan gida, ya dawo da zarto da guduma da fensir a kunne. Ya ɗora durowar kan kujera biyu, ya buga gefe ɗaya ya fita, ya ja layi.

"Baba, na Kaka ne fa," in ji Morven.

"Na sani. Ita ma da haka za ta yi, sai dai ta fi ni zagi." Ya ɗaga kai ya kalli Shona. "Minti ashirin za ki ba ni. Ki fara rubutunki."

Shona ta zauna ta buɗe alƙalami. Wattie ya ɗora haƙoran zarton daidai kan layin, sannan ya dubi 'yarsa da ke tsaye ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Zo ki riƙe mini nan," ya ce. "Da hannu biyu. In ya motsa layin zai karkace."

Ta zo ta riƙe. Ya fara yanka.