Fankar da Aka Juya wa Baƙo

Shekara goma sha tara Labaran yana gyaran tafireta a wani ofishin gwamnati da ke unguwar Doka, sai rana guda aka kwashe tafiretocin aka jibge a sito. Shugaban sashensu, Alhaji Ja'afaru, ya ba shi kayan kwamfuta kwali uku. Ya ce in ya haɗa ta ta yi aiki, shi zai riƙa kula da ita. In kuwa ta ƙi, sunansa na cikin waɗanda za a sallama.

Kwana shida yana fama da ita a falonsa a Mando, ga zafin bazara. Ta tashi kam, amma 'yar fankar da ke cikinta ta ƙi juyawa, sabuwa kuma sai an aiko daga Legas. Minti goma kwamfutar ta yi zafi, sai komai ya tsaya cak. Da ya rasa yadda zai yi, ya buɗe gefenta, ya jawo fanka ɗaya tilo da ke gidan ya saita mata a ciki. Haka ta yi awa huɗu tana aiki lafiya lau. Matarsa Sa'adiya kuwa ta koma mafici. Shi kansa ya gaji har magana ma nauyi take yi masa.

Ran Asabar bayan azahar Alhaji Ja'afaru ya zo dubawa. Mutum ne mai jiki, ga babbar riga ta sha sitati. Kafin a gama gaisawa gumi ya jiƙa masa wuya. Sa'adiya ta kawo ruwa, ta dubi baƙo, ta dubi fanka, ta dubi mijinta.

Labaran ya san abin da zai biyo baya sarai. Amma ina aka taɓa jin babban mutum yana zufa a ɗakinka, ƙarfe yana shan iska? Kunya ta fi ƙarfinsa. Ya miƙa hannu ya juya fankar.

"Madalla," in ji Alhaji, ya baje a kujera. Ya kama labarin cunkoson Kawo, bai ko dubi kwamfutar ba. Labaran na amsa "ƙwarai, ranka ya daɗe", idonsa na kan agogon bango.

Sai da aka ci minti ashirin Alhaji ya matso ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa.

Bayanin na bakin Labaran, amma faɗarsa tamkar ce wa baƙo ne shi ya jawo. Ya haɗiye.

"Ka dai yi ƙoƙari, Labaran," Alhaji ya ce cikin tausayi. "Litinin ka biyo ta ofishina."

Da motarsa ta tashi, Sa'adiya ta kama fankar za ta mayar wa kwamfuta.

"Bar ta," in ji Labaran. Ya zare filogin kwamfutar, ya nuna mata kujerar da Alhaji ya tashi. "Zauna nan ki sha iska. Kwana da kwanaki kina fama da mafici."