Hoton Baba Maikano a Gaban Jirgi Mai Rawaya

"Riƙe da hannu biyu, Sabuwa. Ba ludayi ba ne."

Haka Baba Maikano ya ce lokacin da ya rataya mini kyamararsa a wuya. Muna filin jirage na Thumama, bayan garin Riyadh, ranar da ake nunin jirage. Mijina Abdulbasit ya tafi ɗauko mota, don numfashin Baba ya fara tsarkewa, ba zai iya takawa har inda muka ajiye ta ba.

Shekara takwas muna maƙwabtaka a unguwar Suwaidi, ƙofarsa na kallon tamu a hawa na biyu, ban taɓa ganin ya ba wani kyamarar nan ba. Makanike ne a wani gareji. Da ƙuruciyarsa ya yi gyaran jiragen soja a Kaduna, kuma son su bai sake shi ba. Ba sababbin nan masu tsaga kunne ba. Tsofaffi yake so, masu farfela a hanci. Duk inda ya ji za a fito da ɗaya, sai ya nemi hutu ya je.

Hotunansa sun cika bangon ɗakinsa, amma babu mutum ko ɗaya a ciki. Tun yana saurayi malaminsa ya ce masa hoton abu mai rai ba shi da kyau, shi kuma ya riƙe. Yakan tsaya a rana ya jira har mutane su kauce daga gaban jirgi. Ko tsuntsu ne ya gifta, goge hoton yake yi. Shi ma ba a ɗaukarsa. Ranar sunan 'yata, da aka fito da wayoyi, sai ya tuna yana da alwala da zai sabunta. Abdulbasit yakan tsokane shi, ya ce ai jirgin ma da matuƙi a ciki. Sai ya ce wannan Allah ya gani, gilashi ya rufe shi.

Yana da 'ya ɗaya a Kaduna, Zahida. Tana da shekara tara rabon da ya je gida, ga shi ta kai ashirin. Uwarta ta rasu, tana hannun gwaggonta. Duk Juma'a suna waya, murya kawai. Hoton da take da shi na fasfo ne, tun gemunsa na baƙi.

Na tambaye shi me zan ɗauka.

"Ni," ya ce, bai dube ni ba. "Yarinyar nan ta ce in ta gan ni a hanya wucewa za ta yi. Likita kuma ya faɗi abin da ya faɗa a kan zuciyata. Allah ya san ba don ado na yi ba."

Ya je ya tsaya jikin igiyar da aka kewaye wani jirgi da ita. Mai rawaya ne, bai daɗe da sauka ba, ana jin warin mai. Ya ce irinsa ya fara sa wa hannu a Kaduna. Bakin kyamarar dogo ne kamar taɓarya, don haka ya yi ta ce mini in ja da baya, in ƙara, in ƙara, har na kusa taka wata Balarabiya da 'ya'yanta. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya gyara hula. Na ɗaga, nauyinta ya rinjaye ni. Na ji kamar ni ce mai laifin. Na danna sau uku.

Ya karɓa, ya kare ɗan allon da tafin hannunsa saboda rana, ya daɗe yana kallo.

"Ya yi," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ban ce ya nuna mini ba. Kunya na ji.

Kwana tara ya yi bayan haka. Bai koma gareji ba. Da safe nakan kai masa kunun gyaɗa, in ajiye a bakin ƙofa in ƙwanƙwasa. In Abdulbasit na gida mukan shiga tare. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Yana zaune a kan katifa da filo uku a bayansa, domin in ya kwanta numfashi ƙin zuwa yake. Ran nan ya ce miyar kuka yake sha'awa. Na yi da sauran daddawar da aka kawo mini daga gida, ya ci loma biyu, ya ce gishirin ya yi kaɗan. Na ce likita ne ya hana. Ya ce likita ba a gidan Bahaushe ya tashi ba.

Kyamarar na rataye a ƙusa, sama da kansa. Ya nuna ta da haɓa ya ce abin nan yana ciki, in sa Abdulbasit ya tura wa yarinya. Na ce in ya warke ya tura da kansa. Ya yi murmushi. Kwana tara ina shiga ɗakin nan da waya mai kyamara a hannuna. Ban sauko da tasa na duba ba, ban kuma ce a sake ba.

Ranar Talata kafin azahar na kai abinci na ji shiru. Mai gadin ginin ne ya buɗe. Yana zaune yadda ya saba, carbi a cinyarsa, kansa ya karkata. Sai da aka kwana biyu ana takardu, kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya karɓi iƙama, wato katin zamansa, da fasfo, sannan aka yi masa salla bayan la'asar. Mata ba sa zuwa maƙabarta a nan. Da Abdulbasit ya dawo, na tambaye shi ko zai gane kabarin. Ya ce duwatsu biyu ne, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, babu suna, kuma layin duk iri ɗaya ne. Kafin su fito ma an fara saka wani a gefensa.

Zahida ta kira ta yi kukanta. Da ta natsu ta ce babanta ya faɗa mata ya yi mata abin da ta roƙa, yana wurin Inna Sabuwa. Na ce yana nan, ta kwantar da hankalinta.

Ba mu iya kyamarar ba, sai muka kai ta wani shagon wanke hoto a unguwar Malaz. Mai shagon ɗan Pakistan ne. Ya sa katin kyamarar a kwamfuta, jirage suka yi ta wucewa, kowanne fes, har ƙusoshin jikinsu ana gani. Sai ukun ƙarshe. Ga rawaya, ga farar riga, ga hula. Tsakanin hula da wuyan riga kuwa kamar an shafa yatsa a kan ɗanyen fenti.

Na ce ya gyara. Ya girgiza kai. Ya yi wa Abdulbasit bayani da Larabci, shi kuma ya faɗa mini. Masu ɗaukar irin waɗannan jirage sukan saita kyamara ta riƙa ƙiftawa a hankali, don farfela ta fito tana juyawa a hoto. Hakan sai hannun da ya saba, wanda ba ya rawa. Baba ya gama ɗaukar jirgin a sama, bai mayar da saitin ba, ya miƙa mini. Mai shagon ya ce wanda ya ɗauki sauran gwani ne. Bai tambayi wanda ya ɗauki ukun ƙarshe ba.

Har yau ban san abin da Baba ya gani a allon nan ba. Tabaransa na aljihu, rana kuma na haska shi. Ko bai gani ba ne, ko ya gani ya ƙi ya kunyata ni, ko hakan ya fi masa daɗi, ban sani ba.

Kwana biyu ina riƙe da hoton a waya kafin in tura. Na haɗa da saƙon murya na ce laifina ne, ta yafe mini. Ba ta amsa ba sai washegari da hantsi, ina zaune a matakalar bene ina tsince shinkafa.

"Inna, ya rame ko?"

Na ce ya ɗan rame.

"To ki faɗa mini sauran. A hankali, ina rubutawa."

Na ajiye faranti. Na ce gemunsa fari ne duka, sai ɗan baƙi ƙarƙashin leɓe. Yana da tabon salla a goshi. Haƙorinsa ɗaya na sama ya ɗan gutsure, in zai yi dariya yakan rufe baki da bayan hannu. Ina jin ƙarar biro a kan takarda. Na ce akwai wani ɗan tabo kusa da ido, inda ƙarfe ya taɓa yankarsa.

"Wane ido, Inna? Dama ko hagu?"

Na ce ta ɗan jira. Na rufe idona na tsayar da shi a bakin ƙofarsa, ya miƙo hannu zai karɓi kwanon kunu. Na juya shi dama, na juya shi hagu.

Ba ta kashe wayar ba. Ina jin numfashinta, da wani zakara yana cara can a Kaduna.