Guruf ɗin da Manaja Ya Buɗe

Aikina a asibitin matasa shi ne riƙe waya. Nakan saka ɗan bidiyo a shafinmu: gwajin cututtukan jima'i kyauta, magani kyauta, ba mai yi maka tambayar ƙwaƙwa. Masu zagi su yi zaginsu a fili, wai muna koya wa yara iskanci. Su dai suka sani. Masu bukata kuwa a ɓoye suke zuwa, su turo saƙo, su goge, su sake turowa. Ni ke amsa su, kuma kowa alkawari ɗaya nake yi masa: daga ni sai kai.

Haka wata 'yar kitso ta same ni. A shagon gyaran gashi take aiki, iyayenta sun rasu, tana zaune gidan yayanta, direban babbar mota, mutum mai zafin kai. Ta fara da "Anti, ƙawata ce ke tambaya." Na ce to, a gai da ƙawar. Sai da aka ɗau makonni kafin ƙawar ta koma ita da kanta. Ciwon mara ne ya addabe ta, tana ta haɗiyar magungunan kyamis, abin sai gaba yake yi. Saurayin da ya jawo mata kuwa tuni ya toshe lambarta. Na lallaɓa ta kamar ƙwai har ta yarda za ta zo ranar hutunta.

Ana gobe za ta zo, Manaja ya dawo daga taro da masu ba mu tallafi, kansa cike da dabara. Wai suna so su ga matasa a dunƙule, ba saƙonni ɗaiɗai ba. Ina ɗakin gwaji ina taya nas jera kwalabe, bawan Allahn nan ya cire wayar ofis daga caji, ya kwashe duk lambobin da suka taɓa turo min saƙo, ya zuba su a guruf guda. Har suna ya raɗa masa: Matasa Masu Neman Gwaji. Ya ƙara da barka da zuwa da hoton furanni.

Wayyo Allah! Kowa na ganin lambar kowa, da hoton fuskarsa. Na dawo na tarar waya tana ta ɓari a kan tebur, yara suna fita daga guruf ɗin da gudu, wasu suna tsine min. Na rufe guruf ɗin nan take, amma wanda zai gani ya riga ya gani.

Na faɗa ofishin Manaja, ban ko ƙwanƙwasa ƙofarsa ba.

"Haba, ai niyyata mai kyau ce," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ka riƙe niyyarka. Yaran nan ni suka ba amana, ba masu tallafi ba."

"Ki san da wa kike magana. Wayar ofis ce."

A gabansa na canza lambar sirrin wayar, na jefa ta a jakata. "To ka kore ni, ka zo ka amsa musu da kanka." Na fice raina a ɓace.

Ban kai kujerata ba saƙon muryar 'yar kitso ya shigo, tana kuka. "Anti, kin cuce ni. Yaya ya ga lambata. Ya ce in na kuskura na taka asibitin nan, in haɗa kayana in bar masa gida. Ina zan je?"

Na ba ta haƙuri, ban ɓoye mata yadda aka yi ba. Na ce ciwon nan ba zai jira kowa ya huce ba. Na san sarai abin da ya sa yayan ya ga lambarta, amma shi ma amanarsa tana wuyana, don haka ban faɗa mata ba. Ba ta ƙara amsa min ba.

Washegari da safe ina share benci, na cire rai, sai ga 'yar kitso, idanu a kumbure. Bayanta yayan ne, makullan mota a hannu, yana huci.

"Ke! Wuce mu tafi. Kin zubar min da mutunci, har sunanki a cikin 'yan neman gwaji!"

Na matso zan shiga tsakani, ta ɗaga min hannu. Ta juya ta kalle shi ido cikin ido.

"Yaya, na yi tunani. Guruf ɗin nan ba a saka kowa ba sai wanda ya turo saƙo. Kai wa ya saka ka?"

Har nas ta leƙo daga labule. Yayan ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa, makullan suka daina kaɗawa.

"In za ka kore ni, ka kore ni," in ji ta, ba ta ko ja da baya ba. "Amma da lafiyata zan fita."

Yayan bai ja ta waje ba. Bai kuma tafi ba. Ya ja ƙafa ya zauna can ƙarshen benci, ya rufe fuska da tafin hannu.

Ta share hawayenta da bakin riga, ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Anti, ki faɗa wa nas ni na fara zuwa. Shi ya jira."