Sitiyarin Verlon

"Ba wannan notin ba, Dewey. Na ƙasa. Kai wai idon nan naka ado ne?"

Ina kwance ƙarƙashin motar, tsatsa na zubo mini a fuska. Shi kuwa maƙwabcina Verlon Tackett yana zaune kan kujerar roba a bakin garejinsa, da bargo a cinya cikin zafin watan Yuli, yana ta ba da umarni sai ka ce shi ya ɗauke ni aiki.

"To sauko ka kwance da kanka mana," na ce.

"Da zan iya, ai ba zan kira tsohon direban bas ba."

Gaskiya ya faɗa, sai na koma kan notin.

Sama da shekara talatin katanga ɗaya ta raba mu a garin Hazel Park. Tun yana saurayi ya baro duwatsun Kentucky ya zo aikin masana'antar motoci, kuma da guminsa ya sayi wannan koriyar mota ƙirar Chevelle, sabuwa fil, a 1970. Da gangan ya ce kada a sa mata pawa sitiyari, wato famfon da ke sauƙaƙa murɗa sitiyari, wai yana shan ƙarfin inji. Motar nan in tana tsaye, ko ƙato sai ya yi nishi kafin tayoyinta su motsa. Verlon kuwa abin alfaharinsa ke nan. Duk wanda ya yi ƙorafi sai ya ce, "Wanda ba zai iya murɗa ta ba, ga bas ɗin Dewey can."

Ciwon da ya kama shi ya faro daga babban yatsan hannunsa na hagu. Likitoci suka ba shi wani dogon suna, amma ma'anarsa gajera ce: jijiyoyin na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu magani. Hannuwan da na sha gani suna ɗaga kan inji suka koma ko murfin kwalba sai matarsa Nadine ta buɗe masa.

Abu ɗaya ya rage masa a rai. Duk watan Agusta masu tsofaffin motoci kan yi jerin gwano a titin Woodward, kuma tun da aka fara bai taɓa fashi ba. Yana so ya je na bana, shi da kansa a kan sitiyari. Nadine ta kafa masa sharaɗi a gabana, tana ajiye mana kwanon wake da burodin masara.

"Ka fito da ita daga garejin nan da baya, ka karya kwana ka hau titi, ba wanda ya taɓa maka. In ka iya, ka je. In ka kasa, makullin nawa ne."

Washegari ya kira ni ta kan katanga. Bai iya kallon idona ba. "Za mu sa mata famfo," ya ce, sannan ya ƙara da cewa, "Ka yi dariya in fasa maka baki."

Ban yi ba. Tausayinsa ya hana ni.

Muka cire tsohon akwatin sitiyarin, muka ɗaura sabo, da famfo da bel da tiyo biyu. Ashe hannun ƙarfen da ke haɗa akwatin da tayoyi ba iri ɗaya ba ne, na tsohon ya ƙi shiga bakin sabon. Sai da muka zauna jiran wani ƙarfen ya iso daga nesa. Jiran nan ya fi kowane aiki ci mini rai, don kullum da safe in na leƙa, sai in tarar ciwon ya ƙara yagar wani abu. Kafin ƙarfen ya zo, hannun daman ma ya fara rawa, kofin kofi sai da hannu biyu.

Ranar da muka gama, na ɗaga gaban motar da jak, tayoyin suna lilo a sama. Dole a yi ta juya sitiyari dama da hagu har iskar da ke cikin tiyo ta fita. Na taimaka masa ya shiga ya zauna, ni ina tsaye a gaba ina ƙara jan mai a famfo. Da kumfar ta kwanta na ce ya tayar da inji. Garejin ya ɗau rugugi, har sifanonin da ke rataye a bango suka shiga rawa.

Da muka sauke ta ƙasa, ya sa yatsa biyu ya tura sitiyarin. Ya tafi sumul.

"Tir," in ji shi. "Kamar ana juya miya."

Amma na ga bakinsa yana so ya yi murmushi. Ni ma a ranar na yarda cewa za mu ga Woodward.

Asabar da hantsi Nadine ta fito ta tsaya kan baranda, ta harɗe hannuwa. Ni na tsaya a bakin titi ina duba masa hanya. Verlon ya sa rigar da yake zuwa coci da ita. Ya taka kuloci, ya tura giya da tafin hannu, motar ta fara silalowa da baya a hankali, ta wuce ƙofar gareji, ta wuce furannin Nadine.

Sai aka zo kwana. Duk wanda ya tuƙa mota mai taurin sitiyari ya san yadda ake yi: ka bar ta ta ɗan gangara, ka kama da hannu biyu, ka jefa kafaɗarka da nauyinka gaba ɗaya. Haka Verlon ya yi shekara hamsin da ɗoriya a wannan kwanar. Kansa ya san mun sa famfo, jikinsa ne bai sani ba. Na ga kafaɗarsa ta faɗa hagu kamar kullum.

Sitiyarin ya zarce har ƙarshe. Gaban motar ya yi wurgi, Verlon ya kife gefe, ƙafarsa ta zame daga kuloci. Sai ƙara, gefen gaba ya maku da itaciyar da ke bakin titi.

Ba gudu yake yi ba, ko ƙwarzane bai samu ba. Amma da na isa, ba ni yake kallo ba. Yana kallon gefen motar ne ta gilashi, inda ƙarfen ya lotsa, koren fenti ya tsage. Tun da motar nan ta fito daga kamfani ba abin da ya taɓa shafar jikinta.

"Ba komai," na ce. "Sabo ne kawai. Mu sake gwadawa, hannunka zai koya."

"Yaushe?" ya ce.

Ya yi ƙoƙarin zare makullin, yatsun suka ƙi kamawa. Sai ya ɗaga kai ya dubi baranda.

"Nadine, zo ki ɗauki abinki."

Ni na mayar da motar gareji. Daga ranar bai ƙara tambayarta ba, kuma bai ƙara zagina ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Aka kawo masa gadon asibiti aka ajiye a falo. Ciwon ya gangara ƙirji, magana ta koma raɗa. Rai ya yi halinsa ranar wata Laraba da rana tsaka, a satin jerin gwanon, Nadine na yanke masa farce.

Ranar Asabar ɗin jerin gwanon, tun safe rugugin injina ke tasowa daga wajen Woodward. Na kasa zaman gida. Da na leƙa ta katanga sai na ga garejin a buɗe, Nadine na zaune a kujerar direba da baƙar rigar da ta sa wajen jana'iza.

"Tun muna amarci nake roƙonsa ya sa mata famfon nan, Dewey," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Na ce ni ma ina so in tuƙa ta, ko zuwa kasuwa ne. Ya ce ba motar cefane ba ce." Ta shafa sitiyarin. "Yanzu ga shi an sa. Ni kuma idona ko layin titi ba ya gani."

Ta kama da hannu biyu ta gwada murɗawa. Ko gezau.

"Sai an tayar da injin," na ce. "In yana a kashe, sitiyarin ya ma fi na da tauri."

Makullin na kan cinyarta. Ta dube shi, ta girgiza kai.

"Bar shi."

Na tsaya nan jikin ƙofa. A ƙasan motar, kan kwalin da na shimfiɗa ranar da muka gama aiki, jan mai ya ɗiga daga bakin tiyo ya yi ɗan tabo, bai bushe ba.